Injiniya da Tsohon Injin Shara

Da aka rufe otal ɗin da yake aiki, aka tara ma'aikata aka ce kowa ya zaɓi abu ɗaya cikin tarkacen da ba su samu mai saye ba. Masu hankali suka ɗauki katifa, wasu tukwane, wani ya rungumi fanka. Injiniya kuwa ya zagaya ya zagaya, ya je can ƙuryar sito ya jawo wani tsohon injin shara, irin mai zuƙe ƙurar nan, ya taho da shi gida yana ja a kan titi, tayoyinsa na kuka, yara na bin sa a baya.

Kada a yi masa ƙarya, shi ba injiniya ba ne. Duk zaman da ya yi a otal a bakin ƙofa ya yi shi, yana buɗe wa baƙi yana ɗaukar musu akwati. Sai dai ya taɓa riƙe wa mai gyaran wuta tsani, kuma tun daga ranar ya raɗa wa kansa sunan. 'Yan layi suka karɓa hannu bibbiyu, don ba kullum ake samun abin dariya kyauta ba.

Injin nan ƙarfe ne tun daga kai har gindi, cikinsa kamar ƙaramar ganga, ga tiyo baƙi mai kauri a gaba, ga wata kafar iska a baya. Fentinsa ya koɗe, amma ko lotsawa babu a jikinsa. Sai da ƙarti biyu suka kama kafin ya haye dokin ƙofa.

Tun da ya ajiye shi a tsakar gida, aikin Injiniya ya zama goge shi da tsumma da ba da labarinsa. Cefane kuwa ya koma kan matarsa, wadda ke ɗinkin labule daga safe har yamma, har bayanta ya fara ciwo. Da abin ya ishe ta sai ta sa mayafi ta tafi wurin yayanta. Yaya yana da babban shagon kujeru da gadaje da kafet a bakin titi. Ya faɗaɗa shi, magina sun gama, ana shirin sake buɗewa, kuma yana neman wanda zai riƙa kula da tsabtar wurin. Ya san mijin ƙanwarsa sarai, shi ya sa ya daɗe yana sosa ƙeya. Sai da ya ga idonta ya kawo ruwa sannan ya ce to, mutumin ya zo ya share shagon da safiyar ranar buɗewa. In ya yi kyau, aiki nasa ne.

"Baban yara, don girman Allah," ta ce da ta dawo, "tsintsiya ce kawai da tsumma. Ka yi shiru ka yi aikinka. Na ajiye kunyata na roƙi Yaya, kada ka sa in kasa haɗa ido da shi."

"Tsintsiya?" Injiniya ya dafe ƙirji. "Ni? Ina da wannan a gida?" Ya ƙwanƙwasa cikin injin, ya amsa kamar ƙararrawa. "Kin ji? Wannan ƙarfen zamanin da ne, lokacin da masu ƙira ke tsoron Allah. Na yanzu duk roba ce, ki yi atishawa kusa da shi ya tsage. Abin da ke juyawa a cikin wannan, ƙarfin doki uku gare shi. Shagon Yaya somin-taɓi ne. Daga nan sai bankuna, sai asibitoci, sai filin jirgi. Kafin shekara ta zagayo kin daina taka keken nan, sai dai ki zauna a ofis kina amsa min waya."

"Ni dai a samu na cefane," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari ya ce zai yi gwaji. Ya kira mai aski, wanda shagonsa ke jingine da gidan, ya zo ya zama shaida. Mai aski mutum ne da bakinsa ya fi askarsa kaifi, kuma ba ya bari irin wannan kallo ya wuce shi. Injiniya ya jona waya, ya taka makunni. Injin ya yi wani gurnani, kwanuka suka hau rawa a kan kanta, kyanwar maƙwabta ta haura katanga. Ya ɗora bakin tiyon a kan wani tsinken ashana da ke ƙasa. Tsinken ya ɗan motsa, ya yi kamar zai tafi, ya fasa.

"Dawakan barci suke yi ne?" in ji mai aski.

"Ɗumi yake ɗauka. Babban inji ba ya tashi da gaggawa."

"Ai na ga alama. Tsinken ma ya gaji da jira."

Injiniya ya kashe, ya ɓalle murfin cikin. Ya tarar da wata jakar yadi cike maƙil da ƙurar otal ta shekara da shekaru, ta daskare kamar bulo. A bayanta kuma ga wani faifan auduga mai tace iska, ya yi baƙi ƙirin.

"Ga ɓarawon!" Ya ɗaga jakar sama. "Kun ga abin da ya shaƙe shi? Masu ƙera shi sun san ƙarfinsa ya yi yawa, shi ne suka sa masa takunkumi, don kada ya faɗa hannun wanda bai sani ba. To yau ya zo hannun masani."

"A kakkaɓe ta a mayar mana," in ji matarsa. "In ba jaka, ina ƙurar za ta?"

"Ke keken ɗinki kika sani. Inji irin wannan cinye ƙura yake yi, ya ƙone ta a ciki."

Ya fita da jakar da faifan ya wurga su cikin motar shara da ke wucewa, don kada ma wani ya yi sha'awar mayarwa. Ya dawo ya sake taka makunni.

Wannan karon, a gaskiya, ba wanda ya ga tafiyar tsinken. Injin ya haɗiye shi, ya haɗiye maɓallan da ke cikin faranti, ya zuƙe ƙwaryar zare, ya lanƙwame safar yaro, ya cafki bakin labulen da ake ɗinkawa yana ja, matar na ja tana salati. Injiniya sai ƙyalƙyala dariya yake yi, yana gaba da tiyo kamar mai riƙe da linzami. Gaba kawai yake kallo. Mai aski da ke tsaye a baya shi ya san inda kayan suke fita.

"Wayyo ƙaurina! Kai, harbi yake yi ta baya! Maɓalli ne wannan ko harsashi?"

"To matsa mana! Wa ya ce ka tsaya bayan doki? Biyar ne fa a ciki!"

"Ɗazu uku ne."

"Ɗazu da takunkumi."

Da zai kashe, don jin daɗi ya ɗaga ƙafa ya doka wa makunnin diddige, makunni ya nutse ciki bai ƙara fitowa ba. Sai da matar ta fizge waya daga bango aka samu lafiya. Injiniya ya tono wayoyin makunnin guda biyu ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da salatif. Daga ranar, da an jona sai ya tashi, kuma ba ya tsayawa sai an cire.

"Ya ma fi," ya ce. "Makunni na ragwayen inji ne."

Da yamma ya ce lallai sai ya share wa mai aski shago kyauta, ladan ƙaurinsa. Mai aski bai nema ba, kuma bai samu bakin hanawa ba, don a lokacin yana kan wani dattijo ɗan gayu da ya zo a aske masa gemu. An shafe masa fuska da kumfa, ya kishingiɗa ya lumshe ido. Injiniya ya turo kayansa, ya juya gindin injin wajen kujerar aski don ya samu filin aiki, ya jona.

Kafin ka ce me, gashin da aka tara tun safe ya ɓace daga ƙasa. Siminti ya fito fes. Injiniya ya cire waya, ya juyo yana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Dattijon nan yana zaune, tun daga goshi har maƙogwaro gashi ya manne a kan kumfa, baƙi da fari da mai furfura-furfura, har da na wani yaro da aka yi wa ƙwal. Ya buɗe ido a hankali, ya dubi madubi, ya daɗe yana kallo.

"Malam," ya ce wa mai aski, "cewa na yi ka aske min gemu. Wannan na wane ne?"

"Na jama'a ne, ranka ya daɗe."

"Amma ku dubi ƙasa," in ji Injiniya. "Ku dubi ƙasa tukuna!"

Ƙasar ya gani da kyau, don mai aski da dattijon tare suka tura shi waje, injin ya biyo shi a baya ya buge masa agara.

Wani mutum da ya ga haka zai ce ya yi kuskure. Injiniya cewa ya yi ya yi bincike, ya gano abin da injin ke buƙata wutsiya ce. Ya samo wata tsohuwar mesar ruwa mai faɗi, ya cusa a kafar baya, ya ɗaure tam da igiyar roba, ya cilla ɗaya bakin ta kan katanga. Sannan ya hau gidan da shara: ƙarƙashin gado, bayan kanta, saƙo-saƙo, har tokar murhu bai bari ba. Gida ya yi tas, ba ƙura ko ɗaya a iska. Matarsa ta leƙo, ta duba, har ta fara cewa a ranta ko dai mutumin nan ya yi abin kirki sau ɗaya.

Sai aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mai wankin da ke bayan katanga ne, rungume da zanen gado, idonsa jawur.

"Wane ne mai bututun nan da ke amai a kan shanyata?"

"Ba amai ba ne," in ji Injiniya. "Numfashi ne."

"To numfashinka ya mayar min da zannuwan asibiti launin jaki! Tun asuba nake dirza su!"

"Ai ka gode min. Launin toka ya fi ɓoye datti. Manyan otal duk sun koma shi."

"Wallahi yau sai na wanke ka na shanya!"

Sai da maƙwabta suka shiga tsakani, don mai wanki ya riga ya naɗa masa zanen a wuya. Aka yi sulhu a kan cewa gidan Injiniya za su sake wankin. Gidan Injiniya kuwa, in ana maganar aiki, mutum ɗaya ne. Matar ta ajiye ɗinkinta ta duƙa a bakin famfo har rana ta faɗi. Ta yi kuka ranar, kuma ba wankin ne ya sa ta ba. Gobe ne buɗe shagon Yaya, tsoro ne ya kama ta.

"Baban yara, na roƙe ka, bar abin nan a gida. Ga tsintsiya sabuwa na saya maka."

"Kwantar da hankalinki. Na gano matsalar. Ba injin ba ne, maƙwabta ne. A shagon Yaya ba mai shanya."

Da sassafe ya isa shagon, ya sha farin kaftani, injin na biye da shi, wutsiya naɗe a kafaɗarsa. Shago ne ƙato, gabansa duk gilashi. Fararen kujeru a jere, gadaje masu sheƙi, kafet mai laushi, ga labulayen da matarsa ta yi ta ɗinki a kansu sun sauka tun daga sama har ƙasa. Sai dai magina sun bar garin siminti da dusar katako a kowane lungu.

Yaya ya dubi injin, ya dubi mai injin.

"Mene ne wannan kuma?"

"Yaya, doki bakwai ke nan."

"Ni ba sukuwa na ce ka yi min ba. Shara na ce. Zan je in shirya in taho da baƙi. Kada ka taɓa abin da ba ƙasa ba." Ya fita yana waiwaye.

Injiniya ya tsaya da wutsiya a hannu yana neman inda zai jefa ta. Taga ɗaya ce ke buɗuwa, kuma a ƙarƙashinta aka jera kujerun baƙi. Ƙofar baya a kulle, makulli na aljihun Yaya. Ya zagaya, ya zagaya, sai idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwar wadirof fara mai ƙofofin madubi, wadda aka girke a tsakiyar shago don ita ce abin alfaharin wurin. Ya leƙa bayanta, ya ga wani ɗan rami da aka huda don wayar fitila. Ya gwada bakin mesar, ya shiga cif kamar don shi aka yi.

"Ka ga aikin ilimi," ya ce wa kansa. Ya rufe ƙofofin, ya murza ɗan makullin da ke jiki. In baƙi sun watse ya kwashe abinsa a hankali, ba wanda zai sani. Ya ja doguwar waya har can ƙarshen shago, bayan wani gado, ya jona.

A nan kam injin ya nuna shi na da ne. Garin siminti, dusar katako, ɓawon fenti, guntun ƙusa, duk ya shanye bai ko canza murya ba. Kafet ya tashi kamar yau aka saƙa shi. Da ya gama ya cire waya, ya ja wani ƙaramin kafet ya rufe wutsiyar, ya tsaya a gefe yana goge gumi.

Yaya ya dawo da baƙi, matar Injiniya a bayansu tana ta addu'a a ranta, mai aski ma ya rufe shago ya biyo don kada a ba shi labari. Yaya ya duƙa ya shafa ƙasa da yatsa, ya duba. Ya je wani lungu ya sake shafawa. Ya ɗaga gefen kafet ya leƙa.

"Ikon Allah," ya ce. Ya dubi ƙanwarsa. "To, da alama na zalunci mutumin nan a raina. In an watse mu zauna mu yi maganar aiki."

Matar ta sauke wata ajiyar zuciya da ta daɗe tana riƙe da ita. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Da Injiniya ya ja bakinsa ya rufe a nan, da yau yana da aiki.

Cikin baƙin akwai wata hamshaƙiyar mata da ke gina masaukin baƙi, wadda Yaya ke sa ran za ta kwashe rabin shagon. Tana zagayawa sai ta yi tuntuɓe da injin.

"Wannan tarkacen fa? Magina ne suka manta da shi?"

Aka yi dariya. Matar Injiniya ta yi masa ido, ta girgiza kai, ta haɗa hannu biyu alamar roƙo. Ko ganinta bai yi ba. Kalmar tarkace ta riga ta shige masa har ƙashi.

"Ranki ya daɗe, wannan da kike gani ya girmi rabin mutanen da ke nan, kuma zai binne sauran. Injin da ke gidanki na sani, roba ce mai kyan launi, tana kuka kamar sauro, wata shida ta mutu. Wannan kuwa wayar tagulla ce zalla a cikinsa. Doki goma sha biyu!"

"Haihuwa suke yi a ciki, Hajiya," in ji mai aski. "Da uku aka fara."

"Ya isa, Injiniya," in ji Yaya. "Mun gani, mun gode."

"Ba ku ga komai ba, Yaya. Ku dakata."

Ya ruga ƙarshen shago ya jona. Injin ya ɗauki gurnani. Ya manna bakin tiyon a kan farantin da aka kawo lemo, ya ɗaga shi sama, faranti ya tsaya a iska. Wasu samari suka tafa. Ya manna a kan wani ƙaramin tebur, ya ɗaga shi ƙafa huɗu a sama. Aka ƙara tafi, har Hajiya ta yi murmushi. Tafin nan shi ya ƙarasa shi. Ya hango rabin buhun siminti da magina suka jingine a bakin ƙofa, ya jawo shi tsakiyar jama'a, ya buɗe baki.

"Yanzu ku ga yadda ake shan siminti kamar ruwa!"

Ya tsoma tiyon. Buhu ya fara ramewa a kan idon kowa. Mutane suka matso suna mamaki.

"To ina yake zuwa?" wani ya tambaya.

"Ƙonewa yake yi a ciki," in ji Injiniya. "Fasaha ce ta da."

Hajiya ba ta cikin masu kallon buhu. Ita wadirof ɗin nan ta zo gani, kuma tana tsaye a gabanta tana duba kanta a madubi. Sai ta ga fuskarta tana faɗi tana tsukewa. Ta matsa. Ƙofofin ne ke kumbura suna komawa, ga wani siririn hayaƙi na fita ta tsagar tsakiya, ga wani nishi-nishi daga ciki.

"Alhaji," ta kira Yaya, "wadirof ɗin nan taka numfashi take yi?"

"Sabon katako ne, Hajiya, yakan ɗan yi motsi. Bari in buɗe miki ki ga cikinta, aikin ciki ma ya fi na waje."

Injiniya ya ji, ya juyo, ya saki tiyo. "Yaya, kada ka..."

Yaya ya riga ya murza makulli.

Ƙofofin suka buɗe da kansu, fam! Sharar shago gaba ɗaya da rabin buhun siminti suka fito a tare, suka fara da Yaya da Hajiya, suka wuce kan jama'a. Shago ya yi duhu. Tari, salati, ihu, wani na kiran sunan matarsa, wani ya faɗa kan gado ya ƙi tashi. Tiyon da aka saki yana ta bulala a ƙasa, ya koma cikin buhu ya ci gaba da sha, wadirof na ci gaba da fesowa.

"A kashe! A kashe shi!" Muryar Yaya ce daga cikin ƙura.

"Ba shi da makunni!" in ji mai aski. "Na ragwaye ne!"

"To a cire waya!"

"Ina take?"

Ba wanda ya sani sai Injiniya, shi kuma yana can yana kokawa da tiyo, wanda ya gama da buhu ya kama masa kaftani. Matarsa ce ta rarrafa ta bi waya da hannu har bayan gado ta fizge.

Shiru ya sauka. Ƙura ta riƙa kwanciya a hankali. Kowa ya zama launi ɗaya, ba ka gane mai kuɗi da ɗan kallo sai ta murya. Fararen kujeru sun koma kamar duwatsu. Labulayen nan sun yi nauyi da siminti, ɗaya ya tsinke ya zube. Mutanen titi sun manne da gilashi suna kallo, wasu na ɗauka da waya. Hajiya ta tofar da dusar katako, ta cire tabarau, wurin idonta kawai ya rage da launin mutum. Ta lalubi jakarta ta fita, baƙi suka bi ta ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe kai.

Injiniya ya miƙe, rabin kaftani a cikin tiyo. Ya dubi jama'ar da ta rage, ya dubi injin, ya ɗora hannu a kansa.

"Amma dai kun gani," ya ce a hankali. "Rabin buhu. Ko tari bai yi ba."

Matarsa ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Kunya ce ta hana ta kuka ma.

Yaya ya tako, siminti na zuba daga girarsa. Kowa ya zaci mari zai kai. Sai ya duƙa ya ɓalle murfin injin ya leƙa ciki.

"Ina jakarsa?"

"Takunkumi ne, Yaya, shi ne na..."

"Ya jefa a motar shara," in ji mai aski. "Da faifan tace iskar. A gabana."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya taɓa jikin injin ya ji ɗuminsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya gwada ɗaga shi ya kasa.

"Ka san wani abu? Duk surutun da kake yi a duniya, wannan ne kaɗai ka faɗi gaskiya. Injin nan ba irinsa yanzu. Ya sha siminti, ya sha ƙusa, ya sha wauta, yana nan daram." Ya juya wurin ƙanwarsa, muryarsa ta sauka. "Tashi, ba laifinki ba ne. Ki auna cikinsa ki ɗinka masa jaka mai kauri, zan sa a gyara makunnin a nemo faifan tace iska. Ai yanzu ne ma nake da sharar da za a yi."

Fuskar Injiniya ta washe a ƙarƙashin siminti. "Yawwa Yaya! Ai na san za ka gane. Yaushe za mu fara?"

"Shi zai fara gobe. Shi na ɗauka. Kai ga ƙofa can."

Suka taho gida, matar a gaba, shi a baya, hannu na dukan cinya. Mai aski ya riga su isowa, saboda haka kafin su shigo layi benci ya cika. Mai wanki na tsakiya, ya harɗe ƙafa.

"A'a, Injiniya! Sannu da dawowa. Na ga kai ma ka koma launin manyan otal. Yaya aka ƙare?"

Injiniya ya tsaya, ya gyara abin da ya rage na kaftaninsa, ya ɗaga haɓa.

"Alhamdu lillahi. Kamar yadda na faɗa muku. Injina ya samu aiki a babban shago, gobe zai fara."

"Madalla, madalla," in ji mai wanki. "To kai fa?"

Injiniya ya buɗe baki. Matarsa ce ta amsa daga bakin ƙofa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Shi yana gida. Ni na ɗauke shi tun tuni, kuma ni ba ni da ƙofar da zan nuna masa."